Latas Ba Ya Kashe Kyanwa, Albasar Cikin Kwaɗon Ce Abin Tsoro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wata dabba da ba a cika tunawa da ita a jarida ba, wato kyanwa.

Ni tsohon malamin dabbobi ne. Yawancin aikina a kan shanu da tumaki da awaki na yi shi, amma tun da na ajiye aiki na zauna gida a Zariya, duk wanda dabbarsa ta ƙi cin abinci a unguwarmu ƙofata yake bugawa, kuma ina jin daɗin hakan. A wannan hunturun da kayan lambu suka yi araha, latas da lansir da kabeji suka cika kasuwar Sabon Gari, sai tambaya ɗaya ta yi ta zuwa mini, yawanci daga bakin 'yan mata da yara masu kiwon kyanwa: "Baba, kyanwata ta ci ganyen latas, zai yi mata illa?" Wata ta ce an gaya mata lansir guba ne ga mage. Wani yaro kuma akasin haka aka gaya masa, wai ya riƙa ba tasa zogale don ta yi ƙiba. Na tabbata ba a unguwarmu kaɗai ake wannan magana ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Latas ba guba ba ne ga kyanwa. Kusan kashi 95 cikin 100 na ganyen ruwa ne. In ta tsinki ɗaya ko biyu ta tauna, a ƙyale ta. Iyakar abin da zai same ta in ta zaƙe shi ne cikinta ya ɓaci, ta yi zawo na ɗan lokaci. Shi kuwa lansir ɗan'uwan kabeji ne, kuma danginsu ɗaya da wani ganyen salak mai yaji-yaji da ake kira arugula, wanda ake samu a manyan kantunan Abuja. Yajin nan da ke hawa wa mutum hanci in ya tauna lansir, wani mai ne a cikin ganyen, shi ne kuma zai iya sa kyanwa dalalar da miyau ko amai in ta ci da yawa. Mafi yawan kyanwoyi ma da sun shinshina sai su kau da kai. Alayyafo yana da sinadarin da ke taimakawa wajen haɗuwar tsakuwa a mafitsara, don haka kyanwar da ta taɓa wahalar fitsari a nisanta ta da shi. Nunannen tumatir ba ya komai, amma ganyen shukar da ɗanyen ɗanta suna da dafi. Kuma kada hankalin kowa ya tashi don ya ga kyanwarsa tana tsinkar ciyawa a tsakar gida. Lafiyayya ma tana yin haka, wani lokaci ta amayar da gashin da ta haɗiye wajen lasar jiki, ta ci gaba da harkarta.

To, amma in na ba da wannan amsa na yi shiru, na cuci mai tambaya. Wa ke cin latas zallansa a ƙasar Hausa? Kwaɗa shi muke yi. A yanka shi, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli, a sa gishiri da magi da ɗan mai, a yanka tumatir, sannan a kawo albasa a yanka manya-manya, wani gidan har da lawashi. Haka kwaɗon zogale, haka na rama, haka na lansir. Idan an gama ci sai a tura wa kyanwa kwanon. Ita kuwa ba ganyen ya jawo ta ba, ƙanshin mai da ƙuli-ƙuli ne, kuma a cikin lasarsu take haɗawa da albasar. Bayan kwana biyu ko uku ta kwanta, sai a ce latas ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Albasa da lawashinta da tafarnuwa gida ɗaya suka fito, kuma dukkansu suna ɗauke da wasu sinadarai dangin farar wuta, irin waɗanda ke sa idonmu hawaye in muna yanka. Jikin ɗan Adam yana iya da su. A jikin kyanwa kuwa, da sun shiga jini sai su faɗa wa himogulobin, wato abin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗaukar iskar numfashi ya kai ta ko'ina a jiki. Himogulobin ɗin ɗan Adam yana da gurabe 2 da irin wannan guba ke iya kamawa, na kare 4, na kyanwa 8. Wanda gubar ta taɓa sai ya dunƙule ya manne a gefen ƙwayar jinin. In aka shafa jinin a gilashi aka duba da madubin likita ana ganin ƙullutun, waɗanda wani likita Bajamushe mai suna Robert Heinz ya fara bayyanawa a 1890, har yau kuma da sunansa ake kiran su. Ƙwayar da ta yi wannan ƙullutu ba ta da ƙwari, ko dai ta fashe ko jiki ya kawar da ita. Idan suka yi ta lalacewa fiye da yadda ɓargo zai iya ƙera sababbi, jini ya ƙare wa dabba ke nan alhali ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba.

Ba sai ta ci da yawa ba. Likitocin dabbobi sun ƙiyasta cewa giram 5 na albasa a kan kowane kilo ɗaya na nauyin kyanwa ya isa ya taɓa jininta. Kyanwoyinmu na gida yawanci kilo uku ne ko ƙasa da haka, ka ga giram 15 ke nan, wanda bai wuce yanka biyu zuwa uku na matsakaiciyar albasa ba. Ɗan kyanwar da bai kai kilo ɗaya ba kuwa, cikin ƙaramin cokali ya ishe shi. Tafarnuwa ta fi albasa ƙarfi ninki uku zuwa biyar. Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar tana taruwa. Kaɗan yau, kaɗan gobe, ƙwayoyin jiya ba su warke ba na yau sun ƙaru.

Akwai masu ce mini, "Ai dafaffiya ce, Baba." Dafuwa ba ta kashe wannan guba, suya ma haka, shanya ma haka. Shanya ƙara mata ƙarfi ma take yi, tun da ruwan ya tafi ya bar zallar abin. Saboda haka gabun da mata ke dakawa daga lawashi su shanya don miya yana cikin lissafi, garin tafarnuwar da ke cikin yajin tsire yana ciki, haɗin da ake tsoma kilishi yana ciki, dambun nama yana ciki. A 1998 an buga wani bincike a Amurka inda aka ciyar da kyanwoyi abincin jarirai na kwalba mai ɗan garin albasa, aka kuma ga ƙullutun nan sun bayyana a jininsu. Garin da aka sa don ɗanɗano kawai, a abincin da aka yi wa jinjiri! To ina ga romon farfesunmu, wanda albasa da tafarnuwa suka narke a ciki? Tsince yankakkiyar albasa daga miya ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga ruwan.

Dalilin da ya sa ba a zargin albasa shi ne ba ta nuna kanta nan take. Wata kyanwar takan yi amai ko zawo a ranar, wata ba ta yin komai. Sai bayan kwanaki, lokacin da kowa ya manta da abin da ta ci, a ga ta daina hawa katanga, ta lafe a lungu, tana haki ko da ba ta yi gudu ba, ta ƙi abinci. Ga abin da nake koya wa yaran unguwarmu: ka ɗaga leɓenta a hankali ka dubi dasashi. Na lafiyayya ja-ja ne mai haske. In ka gan shi fari fat, ko ya yi ruwan ɗorawa, jini ya yi ƙasa. Ka kuma dubi inda ta yi fitsari. In ya yi ja ko ya yi duhu, fasassun ƙwayoyin jini ne ke fita, kuma suna wahalar da ƙoda a hanyarsu.

Wani ɗan kasuwa mai siton hatsi ya taɓa aiko mini da muzurunsa a cikin kwali. Ƙato ne, ya daɗe yana tsare masa buhunan masara daga ɓeraye, amma ya zo ko kansa ba ya iya ɗagawa. Mai siton ya rantse guba aka sa masa don hassada. Na dubi dasashi, fari. Na tambayi me yake ci, aka ce ɓera da abin da Allah ya hore. Sai da aka kira maigadin siton magana ta fito. Bawan Allah ne mai son dabbar ƙwarai. Kullum da daddare in ya sayi tsire ya ci naman, sai ya shimfiɗa wa muzurun takardar da ragowar albasar da ta jiƙe da mai da yaji, shi kuwa ya lashe tas. Muka kai shi asibitin dabbobi, aka ƙara masa ruwa, aka hana shi takardar tsire, aka koma ba shi dafaffen nama marar haɗi. Ya tashi, amma ya ɗauki makonni kafin ƙarfinsa ya dawo. Maigadin nan har hawaye ya yi da ya gane, domin shi a zuciyarsa alheri yake yi.

Bari in ɗan ratse saboda manoman albasa, na Aliero da Goronyo da Galmi da sauran wurare, tun da na san jaridar nan tana kai musu. Shanu ma albasa tana yi musu wannan ɓarna in suka ci da yawa. Tumaki da awaki sun fi jurewa, amma saniyar da aka tara wa ruɓaɓɓiyar albasa da lawashi bayan an cire amfani tana iya fitsarin jini ta faɗi. Kare da doki ma ba su tsira ba.

Sai kuma kuskure na biyu, wanda sau da yawa shi ke ƙarasa dabbar. An ga kyanwa ta kwanta, jikinta ba daɗi, sai uwar gida ta ɓallo farasitamol ta jiƙa ta ɗura mata, kamar yadda za ta yi wa ɗanta. Don girman Allah a daina. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke warware wannan magani ya fita daga jiki, saboda haka sai ya koma guba, kuma jinin nan dai yake kamawa. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana kashe babbar kyanwa, ɓarinta ma yana iya kashewa. Alamarsa ita ce dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya yi wuya. Akwai makarinsa a wurin likita, amma sai an kai ta da wuri. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak su ma ba na kyanwa ba ne. Ka ga dabbar da albasa ta riga ta cinye wa jini, a zo a ɗora mata wannan, ina za ta kai?

Haka nan ɗura manja ko madara ko ruwan gishiri wai don ta amayar. Manja ba ya kashe guba, kuma in ta shaƙe shi ya shiga huhu an buɗe wata sabuwar cuta. Ruwan gishiri shi kansa guba ne a ɗan ƙaramin jiki irin nata. Madarar shanu kuwa yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su. Wanda ya ga kyanwarsa ta ci albasa mai yawa, ko ta afka wa tukunyar da aka daka wa tafarnuwa, ya ɗauke ta ya nufi likitan dabbobi a cikin awa biyun farko. A lokacin ana iya sa ta amai da allura, a ba ta gawayin asibiti da ke riƙe guba a hanji. In an makara har alamun sun fito, aikin ya koma na ƙarin ruwa da kula, wani lokaci har ƙarin jini. Mu a Zariya muna da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Sakkwato da Maiduguri su ma jami'o'insu suna da sashen likitancin dabbobi, kuma manyan garuruwa ba sa rasa asibitin dabbobi na gwamnati. Ka tafi da bayanin abin da ta ci da lokacin da ta ci, wannan rabin aikin likita ne.

Shi kansa latas ɗin, in akwai abin tsoro a jikinsa, to abin da aka fesa masa ne da ruwan da aka yi masa ban-ruwa da shi. Wasu lambunan bakin gari da ruwan kwata ake shayar da su, wasu manoman kuma sukan yi feshi yau su tsinka gobe. Abin da mutum mai kilo sittin zai ci bai ji komai ba, dabba mai kilo uku za ta ji. A wanke ganye sosai da ruwa mai tsabta, don kanmu ma. Kuma tun da na ambaci feshi, kada a shafa wa kyanwa fiya-fiya ko maganin kaskar shanu ko na kare don kashe ƙuma. Da yawa daga cikin na kare suna da sinadarin fametirin, wanda ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Gidan da ke da kyanwa kuma bai kamata a zuba shinkafar ɓera a cikinsa ba, domin ɓeran da ya ci ya fara tangaɗi shi ta fi saurin kamawa.

Na dawo kan yaron da aka ce ya ba tasa zogale. Zogale abinci ne mai albarka ga mutum da akuya, ba na musu. Amma Allah bai halicci kyanwa don cin ganye ba. Dubi haƙoranta, babu turmin niƙa ko ɗaya, duk na yanka ne da tsagawa. Hanjinta gajere ne. Mu in mun ci karas ko zogale jikinmu yana juya abin da ke cikinsu ya zama bitamin A, ita jikinta ba ya iya wannan juyi, sai ta same shi a shirye daga nama da hanta. Akwai kuma wani sinadari mai suna taurin da ba a samun na kirki sai a jikin dabba, kuma jikinta ba ya ƙera isasshe. A 1975 masana suka gano rashinsa yana makantar da kyanwa, a 1987 kuma a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis aka gano yana sa zuciyarta ta saki ta kasa harba jini. Saboda haka kyanwar da aka tsare a ɗaki ana ba ta tuwo da miya da shinkafa da kwaɗo, cikinta a cike yake amma yunwa take ji. Kyanwoyin kakanninmu sun rayu a kan ragowar tuwo ne domin suna fita su kama ɓera da ƙadangare da fara su cike giɓin. Yanzu da ake kiwon su a gidajen sama da ɗakunan haya, ƙofa a rufe, wannan hanyar ta toshe.

Na san halin da ake ciki, nama ya yi tsada, mutane ma ba kullum suke samu ba. Ba ina cewa a sayi abincin gwangwani na kanti ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne: lokacin da uwar gida ta wanke nama ko kifi ko kayan cikin kaza, ta cire wa kyanwa ɗan rabonta kafin albasa ta shiga tukunya. A tafasa shi da ruwa zalla, ba gishiri ba magi, a ba ta har da ruwan, domin sinadarin nan na taurin yana fita cikin romo. Zuciya da ƙundun kaza suna da kyau ƙwarai kuma ba su da tsada. Huhu da tumbi da 'yan guntayen da mahauta ke sharewa daga kan teburi duk suna yi. Hanta a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, ba kullum ba, don yawanta yana sandarar da ƙashin wuya. Kifi a dafa a cire ƙaya. Dafaffen ƙwai ma yana taimakawa. Ruwan sha kuma kada ya yanke, musamman in bazara ta shigo.

Mutanenmu ba mugunta ke sa su tura wa kyanwa kwanon kwaɗo ba, tausayi ne. Mun tashi muna jin hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Mun kuma ji wanda Imamu Malik ya ruwaito cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Shi ya sa a gidaje da masallatai da makarantun allo ba a korar ta, almajiri ma yakan raba abin da ya samo da ita. Masu wannan zuciyar sun cancanci a gaya musu gaskiyar abin da ke cutar da ita. Ina tuna wannan musamman saboda azumi, lokacin da kwaɗo da salak da farfesu ke yawa a faranti wajen buɗa-baki, da kuma Babbar Sallah, lokacin da ake suyar nama da albasa da tafarnuwa kwana da kwanaki, kyanwa tana zagaya kasko ana jefa mata.

Ina roƙonka, Malam Edita, a shafin noma da kiwo a riƙa ba ƙananan dabbobin gida wuri, ko da sau ɗaya a wata. Kusan duk abin da ake rubutawa da Hausa a kan lafiyar dabbobi na shanu ne da kaji, domin su ke kawo kuɗi. Ƙannena da 'ya'yana likitocin dabbobi da ke shiga gidajen rediyo, ku ma ku riƙa ware minti biyu ku ambaci albasa da farasitamol. Yaran da ke kiwon kyanwa a yau sun fi na zamaninmu yawa, suna kuma tambaya, sai dai amsar da ke iske su ta bakin wanda bai sani ba take fitowa. Malaman makarantun firamare da na Islamiyya su ma za su iya faɗa wa ɗalibansu a cikin aji, domin yawanci yara ne ke miƙa wa kyanwa kwano.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin dabbobi,
Tudun Wada, Zariya.